Garkuwar Injin Sassabe da Haƙƙin Mai Wucewa

A lokacin da ruwan sama ya fara ja da baya, gamba ta yi tsawon da take ɓoye mutum a tsaye, sabara da geza suka rufe gefen hanyoyi da filayen makarantu da gonakin da aka bari suka huta, babu na'urar da ake nema ruwa a jallo kamar injin nan na sassabe da ake ɗaura wa tarakta a baya, wanda direbobi da makanikai suka fi sani da silasha. Ƙarfinsa da saurin aikinsa kowa ya shaida, domin abin da majiya ƙarfi goma za su wuni suna yi da adda da lauje, shi kan gama shi kafin hantsi ya dubi ludayi. Abin da sharhinmu na yau zai tsaya a kansa shi ne waɗansu 'yan sarƙoƙi da marufai da aka yi domin su tsaya tsakanin wannan injin da jikin ɗan Adam, waɗanda galibi ba a iske su a jikinsa ba, kuma mai neman su kan rasa ta inda zai faro.

Asalin wannan injin daga Amurka yake, inda bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da hannayen aiki suka yi ƙaranci a karkara, maƙera suka dukufa wajen neman abin da zai share makiyaya da karan auduga ba da wahala ba. A shekarar 1951 wani kamfani a garin Selma na jihar Alabama ya fara ƙera irinsa da sunan Bush Hog, mai faɗin ƙafa 5, har sunan ya bi dukkan injunan wannan jinsi a bakin manoman can, ko da kuwa wani kamfanin ne ya ƙera. Ƙirarsa ba ta da wuyar fahimta. Faranti ne na ƙarfe mai kauri, a samansa akwai giyabos, a ƙarƙashinsa kuma akwai wuƙaƙe biyu masu nauyi, kaurin kowace ya kan kai rabin inci, waɗanda ba a wasa su su yi kaifi, domin da duka suke karya itace. An rataye kowace wuƙa a kan ƙusa guda yadda za ta iya lanƙwashewa baya idan ta ci karo da dutse ko kututture, sa'an nan ta komo wurinta. Ƙarfin da ke juya su kuwa daga cikin taraktar yake fitowa, ta wata sandar ƙarfe mai juyawa da ta haɗa bayan tarakta da giyabos ɗin.

To, a nan ne ya kamata mai sauraro ya tattara hankalinsa, domin duk maganar da za ta biyo baya a kan wannan ta ginu. Bakin wuƙar nan, idan injin ya kama aiki sosai, gudunsa ya kan haura kilomita 240 a awa guda; saboda haka duk abin da ya shiga ƙarƙashin farantin, tsakuwa ce, ko guntun marmara, ko ƙashin dabba, ko kwalba, ko wayar shinge da ta shekara a cikin ciyawa ba wanda ya san da ita, ba ya fitowa sai da ƙarfin da zai iya fasa gilashin mota ko ƙoƙon kan mutum. Wanda ya taɓa tsaron gona da majajjawa yana yaro ya san yadda ɗan dutse ke tashi idan an wulwula shi aka saki. To wannan majajjawa ce da ƙarfin doki arba'in ko hamsin ke wulwulawa, kuma ba mai saita ta. Kamfanonin da ke ƙera injin da kansu sun rubuta a littattafan da suke haɗawa da shi cewa yana iya jefa abu nisan ƙafa 300 ko fiye, watau wajen mita 90, kusan tsawon filin ƙwallo, kuma sun yi umarni a tsai da aiki idan mutum ya shigo cikin wannan tazara. Domin rage wannan haɗari ne aka yi masa labule a gaba da baya, na sarƙa ko na roba mai kauri, wanda ke barin ciyawa ta shiga ta fita, amma ya tare abin da wuƙa ta harbo ya karya ƙarfinsa ya sauke shi ƙasa.

Mai tambaya zai ce, in haka ne, don me ake ganin injuna da yawa tsirara, ba sarƙa ba roba? Dalilai sun taru. Na farko, kuma wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne cewa shekaru masu yawa kamfanoni a Amurka suna sayar da labulen sarƙa a matsayin ƙari da mai saye zai zaɓa ya biya, muddin ya ce a gonarsa kaɗai zai yi aiki, nesa da gidaje da hanya. Saboda haka akwai tsofaffin injuna da tun ranar da suka fito daga masana'anta ba su taɓa sanin sarƙa ba, kuma irinsu ne ke zagayowa kasuwar gwanjo har su ƙetaro teku su iso mana. Waɗansu kuwa sun zo da ita, tsatsa da kututture suka cinye ta sannu a hankali. Waɗansu kuma bakanike ne ya kwance ta ranar da ya zo gyaran wuƙa, ya jingine ta a bango da niyyar mayarwa, aiki ya taso, aka ja injin aka tafi. Sharaɗin nan na kaɗaici kuwa, wanda mai gona a Alabama ko Teksas zai iya cikawa domin maƙwabcinsa na nesa da shi, a ƙasarmu da wuya ya cika, domin gonarmu ba ta rabuwa da mai wucewa: ga burtali a gefe da yaro yana kora shanu, ga mata masu neman itace, ga mai keke a kan turba, ga kuma yaran unguwa waɗanda ƙarar tarakta ke kiransu su zo kallo.

Wanda ya ƙudura niyyar nema, farkon abin da zai yi shi ne ya wanke injin ya duba jikin farantin, galibi kusa da inda ake ɗaura shi a tarakta ko kusa da giyabos, inda kamfani kan manna ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa da lambar samfuri da lambar injin. Da waɗannan lambobi ne dillali zai iya buɗe littafin kayan gyara ya fitar da ainihin labulen da aka ƙera domin wannan samfuri, da ramukan ƙusoshinsa daidai wa daida. Kamfanoni irin su Bush Hog da Woods da Land Pride da John Deere, da Baldan na ƙasar Barazil wanda kayansa suka yawaita a gonakinmu, duk da lamba suke aiki, kuma wanda ya je wa dillali da cewa injina ja ne mai faɗi kaza, ya wahalar da kansa ya wahalar da dillalin. Amma gaskiyar magana, tsohon injin da ya sha rana da fenti sau uku da wuya a iske allon nan a jikinsa, wani kuma kamfaninsa ya daɗe da rufewa ko an haɗe shi da wani, wani kuwa tun asali ƙirar gida ce. A irin wannan hali sai a koma ga awo: a auna faɗin bakin gaba da na baya, a lura ko bayan a miƙe yake ko zagaye, a auna tsayin farantin daga ƙasa a yadda ake yanka da shi, a kuma auna tazarar da ke tsakanin gefen farantin da bakin wuƙa idan ta miƙe.

Da wannan awo a hannu, labulen sarƙa yana daga cikin abubuwan da maƙeranmu za su iya yi su kyautata, kuma ni ina ganin babu dalilin da zai sa mai tarakta ya zauna jiran jirgin ruwa alhali ga Panteka a Kaduna, ga Ƙofar Ruwa a Kano, ga masu walda a kowane babban gari da suka ƙera abin da ya fi wannan wuya. Sai dai aikin yana da ƙa'idodi waɗanda in an saɓa musu an yi asarar kuɗi da ƙarfe. A sami ƙarfe mai kusurwa mai kauri wanda zai bi bakin farantin daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da giɓi ba, a ɗaura shi da ƙusa da noti domin a iya kwancewa a gyara. Sarƙar ta kasance mai kauri, irin wadda kamfanoni ke sawa, wajen milimita 8, a yayyanka ta tsawo ɗaya, a jera ta kusa da kusa har ƙwayoyin su riƙa gogar juna, domin labulen da tsakuwa za ta iya bi ta tsakaninsa ado ne kawai. An fi son a zura sandar ƙarfe ta cikin ƙwayoyin sama ta riƙe su, maimakon a bi kowace da walda, saboda zafin walda kan raunana ƙwayar, kuma wadda ta tsinke ba ta musanyuwa cikin sauƙi. A can ƙasa kuma a zura igiyar waya ta cikin ƙwayoyin da ke kusa da na ƙarshe, ta haɗe su wuri guda, yadda dutse in ya bugi ɗaya zai iske nauyin 'yan uwanta duka. Tsawonta ya sauko har kusa da ƙasa, amma, kuma wannan shi ne wurin da ba a yi masa sakaci, kada ta kai tsawon da in ciyawa ta tura ta ciki za ta taɓa wuƙa, domin sarƙar da wuƙa ta tsinka ita kanta ta zama harsashi. Wanda kuma aikinsa a bakin titi yake ko cikin gari, layi biyu na sarƙa ya kamace shi, kamar yadda ake yi wa injunan da ke share gefen manyan hanyoyi a ƙasashen da suka ƙera su.

Roba, irin ta tsohon bel ɗin masana'anta mai zare a ciki, ta fi araha kuma ta fi tare ƙura da ƙananan tsakuwa, ta isa ga mai yankan ciyawar fili. Amma a cikin sabara da kututture ba ta daɗewa take yagewa, kuma yagaggiyar roba sai a canza ta. Haka nan farantin kansa, in tsatsa ta huda shi, sai a lissafa wannan rami a cikin ƙofofin da dutse zai fita, a toshe shi da ƙarfe mai kauri irin nasa.

Yanzu sai mu juyo ga garkuwa ta biyu, wadda rashinta ya fi na farkon muni ga wanda ke aiki da injin, watau kuben sandar juyi. Tun shekarar 1918 da kamfanin International Harvester ya fara sayar da tarakta mai wannan sanda, manoma suka sami bawa mai ƙarfi wanda ba ya gajiya, suka kuma sami abin da ya raba dubbai da hannuwansu da rayukansu. Gudun da aka daidaita a kansa ga yawancin taraktocin da muke gani shi ne juyi 540 a minti guda, watau juyi 9 a daƙiƙa ɗaya. Idan kaurin wurin da ya kama tufa ya kai inci 3, to a daƙiƙa guda zai naɗe kusan mita 2 na yadi, alhali kuwa mutum mai cikakkiyar lafiya da natsuwa yana bukatar mafi yawan wannan daƙiƙar kafin ma ya gane an kama shi, balle ya yi yunƙurin tserewa. Babu ƙarfin damtse da zai ja da wannan, kuma yadi mai kyau ba ya yagewa ya ceci mai shi. Wannan magana ta shafe mu fiye da yadda ta shafi Bature mai ɗamammen wando, domin suturarmu mai yalwa ce, abin alfahari a masallaci da wurin taro, amma hannun babbar riga, da jelar rawani, da bakin zane, da gyalen yarinyar da ta kawo wa mahaifinta abinci gona, duk abin da sandar nan ke jira ke nan. Ingila ta kafa dokar rufe wannan sanda tun 1957, Amurka ta bi da tata dokar a 1976, kuma ba su yi haka ba sai bayan da asibitocin karkararsu suka gaji da karɓar waɗanda ta naɗe.

Garkuwar nan kashi uku ce, kuma in ɗaya ya ɓace sauran biyun ba su wadatar ba: akwai murfin ƙarfe a jikin tarakta wanda ke lulluɓe kan sandar ta sama da gefe, akwai kuben roba mai tauri da ke suturta tsawon sandar, sa'an nan akwai wani murfi mai kamar mazurari a bakin giyabos. Haɗarin ya fi yawa a gaɓoɓin nan biyu na ƙarshe, inda ƙusa da fil suke leƙowa, kuma nan ne aka fi barin su a buɗe saboda a sami sauƙin sa giris. A neman kube, sunan wanda ya ƙera silasha ba shi ne abin dubawa ba, domin yawancin kamfanoni sayen sandar suke yi daga masu sana'arta, irin su Walterscheid na Jamus da Bondioli & Pavesi na Italiya da Weasler na Amurka; ana gane su da tambarin da ke jikin gaɓar, ko da siffar bututun idan an zare shi biyu, wani mai kusurwa uku, wani mai siffar lemun tsami, wani mai siffar tauraro. A auna tsawon sandar a tsuke, a auna kaurin kwarmin da zoben kuben ke zama a ciki a kowane gefe, domin akwai kube na gama-gari da ake sayarwa da zobba iri-iri, a zaɓi wanda ya dace a yanke tsawon daidai. Sau da yawa kuma, idan sandar ta tsufa gaɓoɓinta sun yi sako-sako, sayen sabuwa da kubenta gaba ɗaya ya fi sauƙi da kwanciyar rai.

A nan ina roƙon maƙeranmu, waɗanda na yaba musu ɗazu, su ja hannunsu. Bututun ruwa da aka zura wa sanda aka ɗaure da waya ba kube ba ne, domin hikimar kube ita ce yana zaune a kan zobba masu santsi, sanda na juyawa a ciki shi yana tsaye, kuma 'yar sarƙar da ke jikinsa an maƙala ta a tarakta domin ta hana shi bin juyin. Bututun da ya manne wa sanda kuwa juyawa zai yi tare da ita, ya naɗe riga kamar yadda tsirarar sandar za ta yi, ya ƙara da yaudarar mai aiki ya matso kusa yana zaton an rufe. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kashe tarakta, a zare makulli, a kwance 'yar sarƙar, a murza kuben da hannu, in ya juya shi kaɗai lafiya lau, in ya cije ko ya tsage a gyara kafin a tayar da injin.

Jama'a, na san akwai mai cewa abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa sai ya auku, kuma wannan gaskiya ce da babu musulmin da zai yi jayayya da ita. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da cewa imani da ƙaddara yana sauke wa mutum nauyin riƙo da sababi ba, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin da shari'a ta zo domin tsare su. Wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure zai tuna cewa a babin hukuncin jini da haddi an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan wanda ke korarta, ko yake janta, ko yake bisa kanta, saboda ragamarta a hannunsa take. Hukuncin tarakta da diyyar wanda dutsenta ya samu, wannan na malamai da alƙalai ne, su za su faɗa. Amma mai hankali zai ga inda ƙiyasin ya fuskanta, domin dabba ma tana da nata nufin, takan yi tutsu ba da son mahayinta ba, injin kuwa ba ya motsi sai an motsa shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa direba da mai tarakta sun san haɗarin, sun karɓe shi domin akwai abin da za su samu, amma yaron da ke kiwo a burtali ba a yi shawara da shi ba, ba shi da kaso a kuɗin aikin, kuma idonsa ɗaya in ya tafi ya tafi ke nan. Kuɗin sarƙar da ake ganin ya yi yawa haƙƙin wannan yaro ne da ya rataya a wuyan mai injin tun ranar da ya saye shi.

Saboda haka ina kira ga masu ba da hayar tarakta, da ƙungiyoyin manoma da ke haɗa kuɗi su sayi injin, da hukumomin da ke ba da kwangilar share filayen makarantu da asibitoci da gefen titi, da su sa wannan a cikin sharaɗin ciniki, a duba labule da kube kamar yadda ake duba taya da birki, a kuma rage farashin injin gwanjo da ya zo babu su gwargwadon abin da za a kashe a sa masa. Cibiyar bunƙasa aikin gona da injuna ta ƙasa da ke Ilorin, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, suna da injiniyoyin da za su iya fitar da zane guda mai awo na labulen sarƙa a raba wa masu walda, kuma wannan ƙaramin aiki ne a gare su mai babbar fa'ida ga jama'a.

Amma kada wanda ya sa garkuwa ya ɗauka ya gama, domin masu ƙera ta da kansu sun ce rage haɗari take yi, ba ta kawar da shi ɗungum. Kafin a shiga fili a taka shi da ƙafa, a tsince duwatsu da waya da kwalabe, a kafa alama a kan kututturen da ciyawa ta rufe. Kada a ɗauki kowa a kan tarakta, yaro ne ko babba, domin wanda ya faɗo ta baya a gaban wuƙa zai faɗa. Kada a ɗaga injin sama wuƙaƙe na juyawa, kuma direba ya sani cewa bayan ya katse ƙarfin sandar wuƙaƙen kan ci gaba da gudu na wani lokaci saboda nauyinsu, sai ya jira su tsaya cik, ya kashe injin, sa'an nan ya sauko. Wuƙar da ta tsage ko ta lanƙwashe ba a yi mata walda, ba a gasa ta a miƙe, canza ta ake yi, kuma biyun tare domin nauyinsu ya daidaita. Ƙusar nan mai taushi da aka sa a bakin giyabos domin ta karye idan wuƙa ta daki abin da ya fi ƙarfinta, in ta karye a mayar da irinta, kada a musanya ta da mai tauri don gudun tsayawa. Wanda zai shiga ƙarƙashin farantin kuwa ya tokare shi da katako mai ƙarfi ta kowane gefe, kada ya dogara ga hannun tarakta da ya ɗaga shi, domin mai na iya zubewa injin ya sauko ba sanarwa.